Waken suya zai rage min kumburin jiki bayan na daina al'ada?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 54, kusan shekara uku kenan da na daina al'ada. Tun lokacin gwiwoyina da yatsuna suke min ciwo musamman da safe, ga tumbi ya fito min alhali ban ƙara cin abinci ba. An yi min gwajin jini aka ce CRP ɗina 4.1, wai akwai kumburi a jikina. Wata ƙawata ta ce in dage da awara da madarar waken suya ko in sayi ƙwayoyinsa na kwalba, wata kuma ta ce kar in kuskura, wai yana da homon ɗin mata yana kawo kansar mama. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in baki amsar a dunƙule kafin in warware ta. Ki ci awararki ki sha madararki, ba abin da zasu yi miki, kuma akwai yiwuwar su taimaka, amma taimakon ɗan kaɗan ne, bai kai yadda ƙawarki ta farko take zato ba. Ita kuma ta biyun tsoron da ta baki tsohon labari ne, bincike ya riga ya wuce wajen. Ƙwayoyin kwalba kuwa ni dai bana ba da shawararsu a kan wannan matsalar.

Mu fara da takardar gwajin tunda ita ce ta tayar miki da hankali. CRP wani furotin ne da hanta take sakewa cikin jini duk sanda garkuwar jiki ta motsa, akwai wani sinadari da ake kira IL-6, shi ne yake sa hanta ta fara sakin. In mutum ya kamu da ciwon huhu ko wani mugun ƙurji zaki ga CRP ya haura 50, ya haura 100, wani lokacin ma fiye. Naki 4.1 ba irin wannan bane. Naki shi ne kumburin nan na ƙasa-ƙasa, baya sa zazzaɓi, ba a ganinsa da ido, amma in ya daɗe shekara da shekaru yana lalata bangon jijiyoyin jini a hankali, yana kuma da hannu a ciwon zuciya da ciwon suga. Ma'aunin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar (CDC) suka fitar a 2003 shi ne, ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 ya yi yawa, ana ƙirgawa ne da miligiram a kowace litar jini. Kinga ke kin ɗan tsallaka layi kenan. Sai dai fa gwaji ɗaya ba a yanke hukunci da shi, mura kawai ko ciwon haƙori ko dasashi mai fitar da jini ya isa ya ɗaga shi, shi yasa ake so a maimaita bayan kamar sati biyu lokacin da kike lafiya lau. Kuma in kina shan ƙwayar istirojin, wato homon ɗin mata, saboda matsalolin ɗaukewar al'ada to ki faɗa wa likitan, dan ita kanta tana ɗaga CRP saboda ta hanta take fara bi, wadda ake mannawa a fata kuwa bata cika yin haka ba.

Me ya haɗa wannan da ɗaukewar al'ada? Istirojin ba aikin haila da haihuwa kaɗai yake yi ba, yana taka wa ƙwayoyin garkuwar jiki birki. Da ya yi ƙasa sai sinadaran da ke kunna kumburi, su IL-6 da TNF-alfa, su ɗan ƙaru, su ne ma suke zuga ƙwayoyin da ke cinye ƙashi, shi yasa ƙashin mace yake saurin zaizayewa a shekarun farko bayan ta daina. Na biyu kuma shi ne tumbin nan da kika ambata kamar a gefe, alhali a wajena shi ne babban mai laifi. Bayan al'ada ta ɗauke kitse yana sauya mazauni, ya bar cinya da ƙugu ya koma cikin ciki ya kewaye hanji da hanta, ko da nauyin mutum bai wani canza ba. Wannan kitsen kuma ba a kwance kawai yake ba, shi kansa yana fitar da IL-6, kuma jinin da ke fitowa daga wajen kai tsaye hanta yake zuwa. Ki riƙe wannan, zamu dawo kansa.

To yanzu waken. Abin da ya sa aka sa masa ido shi ne wasu sinadarai da ke cikinsa da ake kira isofilabon, manyansu su ne jenistin da daidizen. Ƙirarsu ta yi kama da ta istirojin shi yasa ake ce musu istirojin ɗin tsirrai, amma ba homon ɗin mutum bane. Ki ɗauka kamar makulli ne da aka yanka a kan na asali amma bai fita daidai ba, yana shiga kwaɗon, wata ƙofar ya ɗan buɗe ta, wata kuma ya shiga ya tsaya kawai. A jiki ƙofofin istirojin iri biyu ne, alfa da beta. Alfa ita ce ta fi yawa a mama da mahaifa kuma ita ce take sa ƙwayoyin wajen su hayayyafa, isofilabon kuwa sun fi karkata ga beta, ga shi ƙarfinsu bai kama ƙafar na istirojin na gaske ba. A ɗakin gwaji in aka zuba jenistin a kan ƙwayoyin halitta yana danne hanyar da ke kunna kumburi, ba ja a nan. Amma yawan da ake zubawa a can jinin mutum baya kaiwa wajen ta hanyar cin abinci, a nan ne da yawa masu talla suke yaudarar mutane.

Abin da ya fi dacewa mu duba shi ne me ya faru da aka gwada a jikin mata irinki. A 2011 mujallar Menopause ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 14 da aka yi a kan matan da suka daina al'ada, wasu aka basu isofilabon wasu ba a basu ba. Da aka haɗa lissafi gaba ɗaya CRP ya sauka da 0.17 kacal, wanda a ƙa'idar lissafin bincike ba za a iya rantsuwa cewa ba dace bane kawai. Amma da aka ware matan da tun farko CRP ɗinsu ya haura 2.2, sai aka ga su nasu ya sauka da wajen 0.70. Wato wadda dama jininta lafiya yake ba abin da zai sauka, wadda nata ya ɗaga ita ce take ɗan gani. Ke da 4.1 kina cikin rukuni na biyu, shi yasa ban ce miki ɓata lokaci bane. Amma ki yi lissafin da kanki, 4.1 a cire 0.7 saura 3.4, har yanzu dai kina saman layi.

Akwai wasu gwaje-gwaje guda biyu da nake son kawowa tare dan bambancinsu yafi kowane bayani koyarwa. Na farko a Amurka aka yi, aka buga a 2009, mata 31 masu lafiya da suka daina al'ada, rabi suna shan madarar waken suya sau uku a rana rabi suna shan madarar shanu, har sati huɗu. Sakamako: babu wani bambanci a alamomin kumburi. Na biyun a Iran, an buga shi a 2007, mata 42 ne amma su masu tumbi ne da hawan jini da matsalar kitse ko suga a jini, kuma ba ƙara musu waken aka yi a kan abincinsu ba, cire musu kaso ɗaya na jan nama aka yi aka maye gurbinsa da giram 30 na gasasshen waken suya har sati takwas. Su CRP ɗinsu ya sauka da wajen kashi 9 cikin ɗari, wasu alamomin kumburin jijiya ma suka sauka. Abin sha'awa kuma, lokacin da aka basu furotin ɗin waken da aka sarrafa maimakon waken ɗungurungum, saukar bata kai ko kusa da haka ba. Ni abin da na fahimta daga nan shi ne abu uku ne suke haɗuwa: wacece take ci, wane irin waken take ci, sannan me ta bari ta koma kansa. Wannan na ukun mutane basa kawo shi a lissafi sam. In kin ƙara awara a kan abincin da kike ci da ma, kin ƙara abinci ne kawai, tumbin ma zai iya ƙaruwa. In kuwa ta maye gurbin nama mai kitse ko naman gwangwani to kin rage kitse mai daskarewa, kin ƙara harza mai gyara hanji, kin samu furotin cikakke, wani ɓangare na amfanin daga abin da kika bari yake zuwa.

A birnin Shanghai na ƙasar Sin ma an auna jinin mata sama da dubu masu matsakaicin shekaru, aka ga waɗanda suka fi cin waken suya sun fi ƙarancin IL-6 da TNF-alfa. Yana da kyau, sai dai irin wannan binciken kallo kawai yake yi, baya nuna wa ya jawo wa, kuma matan can tun suna yara suke cinsa. Tsofaffin Japan suna samun miligiram 30 zuwa 50 na isofilabon a rana daga abinci, mutanen Amurka da Turai kuwa yawanci basa kai 3.

Wani dalilin da ya sa sakamako yake ta saɓawa shi ne hanjin mutane ba ɗaya bane. Akwai wasu bakteriya a hanji da suke juya daidizen ya koma wani sinadari mai suna ikwal wanda yafi shi ƙarfi. Ba kowa ke da su ba, a ƙasashen yamma kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ne, a gabashin Asiya kuwa ana samun rabi ko fiye. Kinga mata biyu zasu ci kwano ɗaya amma abin da ya isa jininsu daban. Kar ki je neman gwajin wannan, ba zai canza shawarar ba.

Mu zo kan kansar mama dan nasan ita ce ta fi tsaya miki a rai. Tsoron yana da asali. Tun a shekarun 1940 aka ga tumaki a yammacin Ostareliya sun daina haihuwa saboda kiwon wata ciyawa mai ɗauke da dangin waɗannan sinadaran, amma tumaki ne da suke wuni suna cinta ba wani abu. Daga baya a ƙarshen shekarun 1990 aka yi gwaji a kan ɓeraye da aka cire musu ƙwan haihuwa, ga garkuwar jikinsu ba ta aiki, aka dasa musu ƙwayoyin kansar maman mutum aka basu jenistin, sai ƙarin ya girma. Daga nan labari ya bazu duniya. Sai dai jikin ɓera baya sarrafa isofilabon yadda na mutum yake yi, a jininsa yafi zama da ƙarfinsa. Da aka koma kan mutane abin da aka gani daban ne. A 2009 mujallar JAMA ta buga binciken da aka bi mata 5,042 da suka riga suka kamu da kansar mama a Shanghai, waɗanda suka fi cin waken suya mutuwa da dawowar ciwon sun yi ƙasa a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci, har da masu shan tamoksifen, maganin da ake ba masu kansar mama. A 2012 ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka ta bayyana cewa abincin waken suya ba matsala ko ga wadda ta yi ciwon. Ban ce yana maganin kansa ba fa, kar a je a ce likita ya ce. Cewa na yi cinsa a matsayin abinci baya kawo ta.

Su kuma ƙwayoyin kwalba, ba wai guba bane. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta duba su a 2015 bata ga alamar cutarwa ga mama ko mahaifa ko maƙoƙo ba a matan da suka daina al'ada masu lafiya. Matsalata da su ita ce an tsamo abu ɗaya an zubar da sauran, babu furotin, babu harzar, babu mai mai kyau, kuma basa maye gurbin komai a kwanonki. Sannan abin da aka rubuta a jikin kwalba ba lallai shi ne a ciki ba dan ba a sa musu ido kamar magani. Wadda ta taɓa kansar mama ko ta mahaifa kuwa kar ta taɓa su sai da sanin likitanta. Ko a kan zafin jikin nan da ke taso wa mata lokaci ɗaya da gumin dare, inda aka fi gwada su, ragin wajen kashi 20 cikin ɗari ne kuma sai an yi watanni.

Nawa za a ci? Sau ɗaya zuwa biyu a rana ya wadatar. Sau ɗaya shi ne kofi guda na madarar, ko awara kamar giram 100, ko cikin tafin hannu na gasasshen waken, kofin madara ko awarar kowanne yana bada isofilabon wajen miligiram 20 zuwa 30. Madarar ki nemi marar suga, in da hali wadda aka ƙara wa kalsiyam saboda ƙashi. Awarar kuma in kullum sai an tsoma ta a mai an soya, musamman man da aka yi ta maimaitawa, to abin da kika samu ta nan kin zubar ta can, gara ki dafa ta cikin miya ko ki gasa ko ki ɗan taɓa ta da mai kaɗan. Waɗanda aka tsimar irin su tempe na Indunusiya da miso da natto na Japan su ma suna ciki, sai dai miso gishiri ne da shi sosai. Man waken suya babu isofilabon a cikinsa, ruwan ɗanɗanon nan baƙi na waken suya da ake kira soy sauce ma kusan gishiri ne zalla, kar ki ƙirga su. Ɗanyen wake kuma ba a ci, sai ya dahu sosai dan akwai sinadarin da ke hana narkewar furotin wanda zafi ne yake kashe shi. In ya sa miki kumburin ciki da iska a farko ba abin tsoro bane, ki fara da kaɗan, jiƙa shi da zubar da ruwan yana ragewa.

Akwai waɗanda zasu yi hattara. In kina shan lebotairoksin na maƙoƙo, waken yana hana hanji tsotse maganin yadda ya kamata, ki sha maganin da sassafe da ruwa ki bar tazarar awa huɗu, kuma ki sanar da likita dan ya duba gwajin bayan wasu makonni. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ta nisanci natto saboda bitamin K ɗinsa yana karya aikin maganin. Mai ciwon ƙoda da aka taƙaita wa fotasiyam da fosfaras sai ta tambayi masu kula da ita. Wadda kuma waken yake sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ita magana ta ƙare.

Sai ciwon gwiwa da yatsu. Hajiya gaskiya kar ki sa rai awara zata cire miki shi, kuma kar ki ɗauka lallai CRP ɗin nan ne yake nuna shi. Ciwon gaɓoɓi yana damun kusan rabin mata a wannan shekarun, wani daga raguwar istirojin, wani daga zaizayewar guringuntsi. Abin da nake so ki lura da shi shi ne tsawon lokacin da yatsun suke ɗauka a sanƙare da safe. In cikin minti goma sha biyar zuwa talatin sun saki da kin fara motsi, yafi kama da zaizayewa. In kuwa suna kai awa guda ko fiye, ga gaɓoɓin sun kumbura suna zafi a hannu biyun lokaci ɗaya, to wannan sai an yi gwajin amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki take cin gaɓa, su RF da anti-CCP, kuma shi ba a jinkiri da shi dan a watannin farko ake ceto gaɓar, wadda ta tsaya gwada abinci shekara guda zata iya zuwa yatsu sun riga sun karkace.

Na ce zamu dawo kan tumbi. Wani nazari da aka buga a 2007 da ya tattara bincike da dama ya nuna kowane kilo ɗaya da mutum ya rage, CRP yana sauka da wajen 0.13 a matsakaici. Kilo 5 kenan ya baki 0.65, kusan daidai da mafi kyawun abin da aka samu daga isofilabon, ga sauƙin da gwiwa zata samu a kai wanda waken bazai bata ba. Tafiya da sauri minti 30 a yawancin ranakun sati, ɗan ɗaga abu mai nauyi sau biyu a sati saboda tsoka da ƙashi, rage lemon kwalba da kayan fulawa, isasshen barci, zuwa a duba haƙora in dasashi yana jini, da nisantar hayaƙin taba ko na wani ne, duk waɗannan suna taɓa lambar nan. A cikin wannan tsarin ne waken yake da gurbi mai kyau, dan furotin ɗinsa yana riƙe ciki yana kuma taimakawa kar tsoka ta zube lokacin rage ƙiba, sannan yana sauke mugun kolestarol da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari.

Ki fara maimaita gwajin nan da sati biyu, ki ce a yi miki mai auna ƙananan lambobi wato hs-CRP, a haɗa da suga da kolestarol da awon hawan jini. Sai ki yi wata uku a kan canjin abinci da motsa jiki a sake aunawa. In ya tsaya sama da 3 likitanki zai haɗa shi da sauran sakamakon ya ga ko kina buƙatar maganin kare zuciya, in kuwa a wani gwajin ya haura 10 ba tare da mura ko wani ciwo da kika sani ba, to a nemo dalili, wannan ya wuce maganar abinci.